Kwanon Maman Ladi ya dawo cike

Muna idar da sallar asuba Inna ta danƙa mini kwano, ni da ƙanena muka bar Miga zuwa Dutse don mu mayar da shi. Kwanon na Maman Ladi ne, maƙwabciyarmu Kirista tun Baba na aiki a Dutse. Da Kirsimeti ta aiko shi da shinkafa, kuma a wurin Inna kwano ba ya komawa haka nan. Ta cika shi da soyayyen naman layya.

Direba ya ninka kuɗin mota wai Sallah ce, ya cusa mu kamar buhunan gero. Ramukan hanyar Jahun suka yi ta jijjiga mu, amma kwanon na rungume a cinya.

A unguwarsu Limawa muka tarar da kwaɗo a ƙofarta. Mai gidan, wani dattijo, ya ce, "Wallahi ɗan nan, ba wanda ya kore ta. Har roƙonta na yi." Tun da aka fara maganar shari'ar Musulunci wani tela Kirista ya ji jita-jita ya tashi. Malamin makaranta ya ga tela ya tafi, ya bi shi. Haka layin ya zube, kowa na kallon na gabansa, har ta rage ita kaɗai ce Kirista, ita ma ta tashi.

Muka hau acaɓa zuwa bayan gari inda Kiristocin suka tattaru kusa da coci. Musulman wurin su ma sun kwashe da suka ga sun yi kaɗan. Haya ta hau, ɗaki ya yi wuya. Telan ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Ta zo nan, ba ta samu wuri ba. Ta koma garinsu a Filato."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba faɗa, ba zagi, kowa na rantsuwa bai yi komai ba, amma tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin layin ta rasa ɗaki a Dutse! Na koyi cewa gari na iya korar mutum ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Da la'asar muka iso gida. Inna ta buɗe kwanon, ta mayar da murfin.

"Ku raba wa yara naman," ta ce. "Kwanon a ajiye, ba namu ba ne."