Maɗaurin Kyamara a Hular Ƙanena

Babanmu baduku ne, kuma ban taɓa ganin mutum mai taurin kai a kan sana'arsa kamarsa ba. A shekarun da ake rushe gidaje don faɗaɗa Harami, muna zaune a kan dutsen Nakkasa a Makka, yana ɗinka wa alhazai takalma da ɗamarar ajiya. In ka dawo masa da kaya ka ce ɗinkin ya saki, sai ya sa ka rantse cewa shi ne ya yi. Ni kuwa aurena ya mutu na dawo gida, aikina in murza masa zare da kakin zuma in sha faɗa.

Ƙanena shi kaɗai ne namiji a gidan. A Makka aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, ya shiga sojan laima, waɗanda ake jefowa daga jirgin sama. Samarin unguwa suka sa shi gaba da tsiya, wai ɗan Takari ba ya wuce sharar bariki. Abin ya ci masa rai. Da ya zo hutu sai ga shi da wata ƙaramar kyamara ta aro da hularsa ta kwano. Yana so a ɗaure kyamarar a gefen hular, ya ɗauko hoton ƙasa yana cikin iska, ya toshe bakin kowa.

Ya durƙusa gaban Baba ya yi bayani. "Abuya, gidan kyamarar a yi shi da ƙarfi. Amma inda zai haɗu da hular, zare ɗaya siriri ya isa. In igiyar laima ta maƙale, gara ya tsinke ya faɗi."

Baba ya ajiye basilla ya dube shi. "Ni zan yi ɗinkin da zai tsinke? Kayan mutane ka aro, ya walad, kai yaro. Ya faɗo daga sama ya tarwatse, a ce wa ya ɗinka?"

"Abuya, haka masu yi suke yi."

"Halas, shi ke nan. Su masu yi su ɗinka maka."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. A gidanmu ba a maimaita wa Baba magana sau uku. Na sa baki na ce a saurari yaron nan, shi ya san sama, mu iyakarmu soro. Baba ya ce in ji da zarena. Ya zaɓi fatar raƙumi, ya jiƙa ta don ta kama in ta bushe, ya bi ta da ɗinki ya sake bi, ya zagaye maɗaurin haɓa da ita. Da ya gama ya riƙe kyamarar ya ɗaga hular sama yana girgizawa, ko motsi ba ta yi ba. Ranar na ga haƙoransa.

A bakin ƙofa na ja ƙanena gefe na ce in ya isa ya sa reza ya rage ɗinkin. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, hannun Abuya ne fa." Na zage shi, na ce shi da ubansa duk kansu ɗaya. Abin da na sallame shi da shi ke nan, kuma har yau yana ƙona ni.

Labarin rasuwarsa ya iso bayan an riga an binne shi can inda suke atisaye. Wani abokin aikinsa ya hawo dutsen da jakar kayansa. Ya tsaya a waje da Baba, ni ina bayan ƙyaure, Inna tana ciki mata sun rufe ta. Ya faɗa da Larabci, a hankali, bai san wanda ya yi ɗinkin ba. Laimar ta buɗe, igiya ta naɗe kyamarar, ta fizge masa wuya. Ya ce da abin ya saki, da ba komai. Ya ce su kansu da wuƙa suka raba hular da igiyar, igiyar suka yanka don fatar ta ƙi.

Baba bai yi kuka ba. Ya karɓi jakar ya yi godiya, har ya raka mutumin gangare. Daga ranar abinci ya daina shiga cikinsa sosai. Yakan zauna da fata a cinya har azahar bai huda ta ba. Ni kuma na tsane shi, na faɗa ba ɓoyewa, na kuma ji tausayinsa har ba na iya haɗa ido da shi.

Inna ba ta ji bayanin ba, mu kuma ba wanda ya iya faɗa mata. Ita dai ta san ɗanta ya faɗo. Ta ciro hular daga jaka ta rataye a ɗakinta. Duk matar da ta zo gaisuwa, daga unguwar Ka'akiyya ko daga ina, sai ta sauko da ita ta nuna, tana share hawaye da gefen mayafi.

"Ku duba aikin Malam," take cewa. "Daga sama yaron nan ya faɗo, amma ko zare ɗaya bai saki ba. Ubansa ya yi masa iya ƙoƙarinsa."

Matan su shafa fatar su ce Allah ya saka masa da alheri. Baba yana zaune a bayan labule yana ji, kuma dole ya amsa da amin.