Jinin da ya ƙi daskarewa

Shekarun baya, ina zaune a Chanchaga, aka kira ni cewa maciji ya sari mahaifiyata a gonar doya a Paiko. Na isa a gigice, na tarar da ita tana tsintar wake tana yi mini dariya. An riga an shafa mata maganin wani maƙwabcinmu, wanda aka taɓa yi wa mahaifina lokacin da gamsheƙa ta sare shi, ya kuma tashi garau. Ƙafar ta ɗan kumbura, shi ke nan.

Washegari tana goga aswaki sai jini ya ɓalle daga dasashinta. Ta kurkure baki, ya dawo. Ta sake, ya dawo. Sai na ga wani tsohon yankan wuƙa a hannunta, wanda ya warke tuntuni, shi ma yana tsattsafo da jini. Ni da ko yankan kaza ba na iya kallo, ni na rungumo ta a mota har Minna, ina salati a bayyane.

A asibiti likita ya tambaye ta, "Mama, wane irin maciji ne?"

"Ɗan nan, maciji ai maciji ne. Ɗan ƙarami, mai zane-zane."

"Kububuwa ke nan," in ji shi. Ya ce dafin macizai ba ɗaya ba ne. Asalinsu guda, amma tun kaka da kakanni dafin kowane iri yake sauyawa daidai da abin da yake farauta. Na kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum na hira jini na zuba a cikinsa. Nan na gane abin da mahaifina ya tsallake daban, wannan daban.

Ya ɗebi jininta a ƙaramar kwalba, ya ajiye, ya ce mu jira. Da ya karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Aka ɗaura mata ruwa da maganin dafin. Can da yamma aka sake ɗiba, na zauna na ƙura wa kwalbar ido. Likitan ya karkata ta. Jinin ya tsaya cak, bai motsa ba. Na fashe da kuka, har mahaifiyata ta ce, "Kai, ni aka sara ko kai?"

Tun daga nan na daina cewa sara duk sara ne. Har yau in reza ta yanke ni wurin aski, ba na saurin gogewa. Sai na tsaya na ga jinin ya tsaya da kansa, sannan in ce alhamdulillahi.