Goyon Tsoro

Mu ƴaƴan garin Cadawa ba mu san dutse ba sai na niƙa. Ƙasarmu rairayi ce shimfiɗe, kuma ba abin da ya kai kukar bakin rijiya tsawo. Shi ya sa in an gama tuwon dare, Iya Dije, mahaifiyar babanmu, ta ɗauko tatsuniyar dutse, sai mu matso kusa da murhu. Ita a kudu aka haife ta, wajen Katsina, ta ga duwatsu da idonta.

"Iya, ya kai kuka tsawo?" in ji ni.

"Ke Rabi, kin cika baki. Ɗora kuka kan kuka, ki ƙara wata." Sai ta tura kara a wuta. "To, ga ta nan, ga ta nanku, mai barci ya yi asara."

Wai wani gari ne da ke ɓoye irin gero a kogon dutse saboda mahara. Wata shekara mahara suka kwashe mazan, ga ruwa ya sauka, ga iri a sama. In ba a shuka ba, gari ya mutu. Sai wata mata, Tabawa, ta ci ɗamara ta kama dutse. Tana kaiwa tsakiya ta duba ƙasa, ta hangi mutane kamar tururuwa. Tsoro ya kama ta, ba gaba ba baya. Tana korar tsoro, yana ƙara riƙe mata hannu.

Wani tsohon ƙadangare ya leƙo daga tsagar dutse. A nan Iya kan shaƙe murya tana gyaɗa kai: "Baiwar Allah, in ɗanki na kuka kina daka, yar da shi kike yi?" Tabawa ta ce, "A'a, goya shi nake." Ya ce, "To goya wannan ma. Ya yi kukansa a baya, hannuwanki na da aiki." Ta nemi wurin hannu, sannan wurin ƙafa, a haka har ta sauko da iri. Ƙurunƙus, kowa ya nemi tabarmarsa.

Lokacin, ƙadangaren kawai ke ba ni dariya.

Iya ta daɗe da rasuwa sa'ad da na gane. Ina aure a wani ƙauye wajen Agiye, maigidana ya tafi cirani bai dawo ba, rumbu ya ƙare kafin kaka. Ganyen kuka ne abin kaiwa kasuwa a samo hatsin yara, amma wanda sanda ke kaiwa duk an tsinke. Sauran na can ƙololuwa, sai an bi turakun da aka kafa a jikinta. Ni kuwa ko katanga ban taɓa hawa ba.

Na yi bisimilla na kama. A tsakiya wani turke ya motsa ƙarƙashin ƙafata. Wallahi na tsorata. Na manne da itacen ina tunanin wa zai riƙe mini yara in na faɗo. Can sai na ji shaƙaƙƙiyar muryar Iya a kunnena, na ce a fili, "To, hau bayana." Tsoron bai tafi ba fa. Ƙafa na rawa na hau, tana rawa na sauko, da ganye cike da zane.

Da ina zaton jarumi shi ne wanda gabansa ba ya faɗuwa. Ashe Iya ba ta taɓa cewa Tabawa ta daina jin tsoro ba, cewa ta yi ta kawo iri.

Ƙaramar ɗiyata ta tarye ni a gindin kuka, ido ya cika da hawaye. "Inna, ba ki ji tsoro ba?"

Na juya mata baya na ce, "Ga shi nan, tare muka je."