Waken da Ya Hau Jirgin Enugu

Ni tun ina ƙarama bakina ba ya gajiya da tambaya. Kakata, uwar mahaifiyata, takan ce da tambaya masara ce, da gidanmu ya gina rumbu na biyu. A hannunta na tashi a Kafanchan, can bayan layin dogo, domin mahaifiyata ta rasu ina goye. Babana Ibo ne, ma'aikacin reluwe, yana bin jirgi kudu da arewa, yana zaune a kwatas ɗin ma'aikata. Shi yana kirana Nkechi, Kaka tana kirana Ladi, ni kuwa duk wanda ya kira sai in amsa. Shi bai iya Jju, yaren Kaka, ba, ita ba ta iya Ibo ba, saboda haka da Hausa suke gaisawa, da ita kuma suke saɓawa.

A 1989 ina aji biyu na firamare a hannun Malama Rahila, wata doguwar mata da ban taɓa ganin ta zauna a kujerarta ba. Ajinta sai ka ce kasuwa. Muna lissafi da murafun kwalaben lemo da muke tsintowa a bakin tasha, muna ɗaure tsinkayen tsintsiya goma-goma. Ranar aikin hannu mu ɗebo yumɓu a rafi, mu gina tukwane da shanu, mu jera su a taga, rabinsu su tsage kafin su bushe. A kusurwa akwai wani gurgun tebur da take kira teburin tsintuwa. Duk abin da ka gani a hanya ya ba ka mamaki, kawo shi ka ajiye. Akwai sheƙar tsuntsu, da ƙwanson dodon koɗi, da saɓar maciji da wani yaro mai suna Bulus ya kawo, wadda ta sa 'yan mata suka ƙaurace wa bencin da ke kusa.

Da damina ta kankama sai Malama ta ce kowa ya zo da kwalba mai faɗin baki da ƙwayar wake. Na wanke tsohuwar kwalbar man shafawar Kaka na kai. Muka cusa auduga, muka jiƙa ta, muka saƙala waken tsakanin auduga da gilashi yadda za mu riƙa ganinsa. Kullum da safe kafin a kira suna sai mu ruga taga. Waken ya kumbura, fatarsa ta tsage, wata farar ƙafa ta leƙo. Ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Mun saka waken nan barkatai, wani a kwance, wani a tsaye, wani idonsa na kallon sama, amma duk ƙafafun ƙasa suka nufa.

Na ɗaga hannu. “Malama, wa ya gaya masa inda ƙasa take?”

Ta kalle ni ta ce, “Ladi, wannan tambayar ta girmi aji biyu. Amma bari mu gwada mu gani.”

Ta ɗaure bakin kwalbata da tsumma ta kifa ta. Ba a daɗe ba ƙafar ta lanƙwashe kamar ƙugiya ta sake nufar ƙasa, kan kuma ya juya sama. Aji ya kaure da musu. Bulus ya rantse wake yana da ido, haske yake gani, sai Malama ta kulle kwalbarsa a cikin kabad mai duhu. Da aka buɗe, ganyen ya ɗashe, amma ƙafar tana ƙasa. Habiba, wadda muke benci ɗaya, ta ce ƙanshin ƙasa yake ji, sai aka rataye tata da igiya a jikin rufi. Ita ma haka. Malama dariya kawai take yi, tana cewa, “To, saura wa?”

A cikin wannan makon ne Baba ya zo gida da yamma, ya cire hularsa ta aiki, ya durƙusa a gaban Kaka tana tsintar acca. Ina bayan ƙofa.

“Mama, sun mayar da ni Enugu,” in ji shi. “Idan an yi hutu ina so in tafi da Nkechi. 'Yan'uwana ba su san ta ba.”

Kaka ba ta ɗaga kai daga faifan ba. Ta ce, “Na ji, Baban Ladi.”

Washegari a bakin famfo na ji wata maƙwabciyarmu tana gaya wa wata cewa yaron da aka kai kudu yana ƙarami shi ke nan, ko fuskar kakarsa ba zai tuna ba. Maganar nan ta shige ni. Tafiyar ba ta ba ni tsoro ba, ai ina son jirgi, ina son Baba. Abin da ya tsorata ni shi ne a ce wata rana zan haɗu da Kaka a kasuwa in wuce ta ban sani ba. Na daina cin abinci sosai, har tambayar ma na rage.

A gidanmu lokacin damina a ɗakin girki ake hira. Da an gama cin tuwo, ruwa na dukan kwano, sai Kaka ta ƙara itace a murhu, ta jera ɗanyar masara a bakin garwashi, ta ɗora ruwan citta. Ni da Talatu 'yar kawuna da yaran maƙwabta mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, ba wanda zai matsa. Tana da yadda take farawa. Sai ta ƙwanƙwasa turmi ta ce, “Tatsuniya tana bakin ƙofa, ruwa na dukanta. Wa zai buɗe mata?” Mu ce, “Mu ne, ta shigo.” Yawanci labaran kura da zomo ne, mun san su har mukan riga ta faɗar ƙarshensu. Ran nan kuwa, da na dawo da kwalbata gida don Malama ta ce kowa ya nuna wa iyayensa, Kaka ta karɓa ta ɗaga ta a hasken wuta, ta sa na yi mata bayanin kifawar tun daga farko. Ta ajiye ta kusa da ƙafarta. Sannan ta ƙwanƙwasa turmi.

Ta ce a can da, Wake ɗan Hadari ne. Hadari kuwa matafiyi ne, ba ya zama. Zai zo da rugugi, ya sauke abin da ya kawo, ya wuce. Don haka tsohuwa Ƙasa ce ta rene masa yaron, a cinyarta yake barci. Da yaro ya yi wayo sai Hadari ya ce zai tafi da shi sama ya ga dangi. Ƙasa ta ce ba ta san zance ba. Wannan ya kama hannu, wannan ta kama hannu, suka yi ta ja har yaron ya kusa rabewa.

“Shi ya sa in kin ɓare wake za ki gan shi gida biyu,” in ji Kaka. “Baƙin idon nan kuma kuka ne ya sa shi.”

Sai suka kai ƙara wurin Kwaɗo, domin shi ne yake kwana a cikin ƙasa kuma yake yi wa hadari waƙa, ba wanda zai ce ya yi son kai. Kwaɗo ya ce a sa yaron a cikin tulu, a toshe bakin, a gangaro da shi daga kan dutsen Kagoro har jiri ya ɗebe shi, ya manta gabas ya manta yamma. In an buɗe, duk inda ya miƙa, nan ne gidansu. Aka gangaro da tulu, yana ta ƙwal-ƙwal-ƙwal, Kaka tana mirgina ludayi a ƙasa muna dariya. Da aka fasa sai ga kan yaro ya miƙe wajen ubansa, ƙafarsa kuma ta nutse wajen tsohuwa. Hadari ya ce ba a gangara da kyau ba, a sake. Aka sake. Ƙasa ma ta ce a sake. Haka dai. Kwaɗo ya share makogwaro ya ce wannan yaron ba a raba shi, tsawo yake yi. A bar kansa ya bi ubansa duk inda zai kai, ƙafar ta san hanya.

Ta rufe yadda ta saba: “Ta sha ɗumi, ta fita, ta bar mana toka.”

Sauran yara suka koma kan masara. Ni kuwa tambaya ta dawo mini.

“Kaka, dutsen Kagoro ai nan kusa ne. In an sa shi a jirgi fa, aka kai shi nesa, jirgi na ta girgiza shi?”

Ta juya masara da yatsunta, waɗanda wuta ba ta ƙona su. “Malamarki me take cewa in kun dame ta?”

“Mu gwada mu gani.”

“To. Ki tafi da shi ki gani.”

Ranar tafiya muka jiƙa sabon wake, domin na farkon ya riga ya fi ƙarfin kwalba, Kaka ta dasa shi a bayan ɗaki. Ta raka mu tasha da zanenta na zumuntar matan coci, ta tura mini ƙullin gyaɗa ta taga, ta ce in riƙe kwalbar da kyau. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba, hankalina yana kan gwaji. Duk hanya kwalbar tana cinyata. Jirgi ya jijjiga ta, na kifa ta da gangan a Lafiya, na kwantar da ita a Makurdi muna haye kogi, har wata mata ta tambayi Baba ko magani ne a ciki. A Enugu na ajiye ta a taga a gidan gwaggona, cikin mutanen da ban jin maganarsu. Da ƙafar ta leƙo, ƙasa ta nufa.

Na hana Baba sakat sai da ya kai ni wurin wani abokin aikinsa da ke bin jirgin arewa. Na ce masa in ya isa Kafanchan ya nemi gidan Kaka a bayan layi ya ce mata Ladi ta ce ƙafar ta sauka ƙasa. Mutumin ya maimaita yana murmushi. Da ya dawo bayan 'yan makonni ya miƙo mini ƙullin tsumma, ya ce tsohuwa ta ce ta ji, ga wannan. Wake ne, ɗan kaɗan, daga wanda ta dasa a bayan ɗaki.

Daga nan jirgi ya fara wuya. Yau ya zo, gobe babu, albashin Baba ma haka. Hutu ya zo ya wuce, ana cewa baɗi. Ibo ta zauna a bakina, Jju ta gudu, Hausar ma sai in ina hira da masu sayar da albasa. Ina ajin ƙarshe na sakandare aka aiko cewa Kaka ta rasu. A mota na zo ni kaɗai. Garin ya canza, an gina shaguna inda muke tsintar murafun kwalba, wasu gidajen da na sani babu su. Na sauka a tashar mota da niyyar in tambayi hanya, amma na ga ina tafiya. Na haye layin dogo, na karya ta wajen famfon da ya daina kawo ruwa, na tsaya a ƙofar ɗakin girki ban tambayi kowa ba. Nan ne na yi kukan da ban yi a tashar jirgi ba ranar da muka rabu.

Bayan jana'iza muka zauna a bakin murhun tare da ƙanwar Kaka, wadda ta zo daga ƙauye wajen Zonkwa. Don in nuna mata ban manta da gida ba, sai na ba ta tatsuniyar Wake da Hadari, daga jan hannu har hukuncin Kwaɗo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta girgiza kai.

“Wannan ba tamu ba ce, Ladi. Uwa ɗaya ta ba mu tatsuniya ni da ita, ban taɓa jin wannan ba. A ina ta samo ta?”

Talatu ma ta ce tun bayan tafiyata Kaka ba ta ƙara faɗarta ba, ko da yara sun roƙa.

Yau ni ma malamar aji biyu ce, kuma na dawo Kafanchan da zama. Duk damina ina sa yara su kawo kwalba da wake, duk shekara kuma sai an sami mai irin bakina da zai tambayi wa ya gaya masa. Na karanta amsar a kwaleji, na san sunan da littafi ya ba abin, amma ban gaggawar faɗa musu. Sai in ce mu kifa mu gani. Abin da nake juyawa a raina in suna musu shi ne wancan daren na ɗakin girki. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar gado ce ta zo daidai da damuwata. Ashe a gabana aka ƙera ta, daga kwalbar aikin makarantata, tsakanin juya masara ɗaya da ta biyu. Tsohuwar da za a raba da jikar da ta goya ita ce ta zauna ta yi shari'ar, ta sa Kwaɗo ya ba Hadari kan yaron, don in hau jirgi ba tare da tsoro ba. Ta bar wa kanta ƙafa kawai, kuma ba ta kai ga ganin ranar da ƙafar ta dawo ba.