Gidan Zanzaro a Murfin Kwamfutata

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Takur a Dutse, ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur da nake neman abinci da ita. Ta hannu na saye ta, kuma tun a lokacin ta ga jiya ta ga yau. Irin baƙaƙen nan ce masu nauyin tsiya, in za ka ɗaga ta sai ka yi bisimilla ka gyara tsayuwa. A ɗakin da ke bakin zauren gidanmu na kafa ta, ina buga wa ɗalibai ayyukansu na kammala karatu, ina tsara katin biki da na suna. Abokaina Gwaggo suke ce mata, wai don in ka kunna ta sai ta gama miƙa da gyaran murya kafin ta kula ka.

Ni kuwa ina ji da abata. Duk ƙarshen wata nakan kwance notuka biyun da ke bayanta, in zame murfin gefe, in bi cikinta da buroshin fenti ina kakkaɓe ƙura. In goge fanka, in ciro rem, ɗan allon ƙwaƙwalwarta, in goge bakinsa da magogin fensir, in mayar. Murfin nan faffaɗan ƙarfe ne mai kauri, an yi masa 'yan huje-huje a tsakiya, daga ciki kuma an liƙa wata roba mai kamar mazurari da ke kai iska kan injin. A ganina wanda ya ƙera shi bai taɓa zuwa Dutse da bazara ba, da ya ƙara ramukan.

Ba ni kaɗai nake aikin ba. Matata ce ke zama a gefena tana karanto min abin da ɗalibai suka rubuta da hannu, ni kuma ina bugawa. 'Yar malamai ce daga wajen Buji, a gaban allo ta tashi, saboda haka babu rubutun da ke gagararta, ko da irin wanda kaza ta yi tone a kai ne. Tana karantawa tana sharhi, wani lokaci dariya ta hana mu aiki.

Sai Allah Ya jarrabe mu. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa, na biyun ma ya yi nisa, har ya fara motsi. Da aka sallame mu daga asibiti likitar ta ce mu dawo in ta warware, akwai binciken da za a yi, kuma akwai abin da za a iya yi a kai. Matata ta ce ita da asibiti har abada. Na yi magiya, iyayenta sun yi, ta ce ta gaji da sa rai. Daga nan magana ta ɗauke mata. Tana girki, tana salla, tana amsa gaisuwa, amma wadda na sani ba ta cikin gidan. Ni kuma Allah bai yi ni da iya rarrashi ba, in na buɗe baki zan ba da haƙuri sai in ji kamar ina karanta sanarwa. Tsoro ya kama ni ƙwarai cewa haka za ta ci gaba da zama.

Na rufe ɗakin aiki, na kai ta gidansu ta huta, ni ma na yi ta zarya tsakanin can da Dutse. Ba mu dawo mun zauna sosai ba sai da damina ta kankama. Mahaifiyata ta taso daga Miga ta zo ta taya mu zama na 'yan kwanaki.

Ranar da zan koma aiki na ce bari in fara yi wa Gwaggo wanka. Na kwance notuka, na ja murfi, sai na ji ya ƙara nauyi. Ina juya shi na ga ikon Allah. Zanzaro ne ya yi gini a jikinsa ta ciki, dab da robar nan, 'yan ɗakunan laka a jere kamar ƙananan tuluna, duk an toshe bakinsu. Ashe ta wata kafa da ke baya ya riƙa shiga, inda na taɓa cire wani katin na'ura da ya mutu ban rufe gurbin ba. Ya samu wuri shiru, ga duhu, babu mai karɓar haya.

Salatin da na yi ne ya fito da mahaifiyata. Ta leƙa, ta ga abin da ke hannuna, sai ta washe baki.

"Kai, Alhamdu lillahi! Kada ka kuskura ka taɓa shi. Zanzaro ba ya gini a gidan banza. In ka ga ya yi gida, to haihuwa na tafe."

"Haba Inna, wannan ai camfi ne," in ji ni.

"Camfi ko ba camfi ba, ni haka na taso na gani. Kai kanka sai da ya yi gida a bayan ƙyaurena sannan aka same ka."

"Inna, a garinmu wane ɗaki ne zanzaro bai yi gida a ciki ba?"

Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "To wane ɗaki ne ba a haihu a ciki ba?"

Ina ɗaga kai kuma na hangi matata a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta juya ta koma ciki. Raina ya ɓaci, ko da yake na san Inna alheri take nufi. Matar da ta ce ta gaji da sa rai, ita za a zo a rataya wa rai a jikin laka? In wata ya wuce, wani ya wuce, ba a ga komai ba fa? Nan take na yanke cewa ginin nan ba zai kwana biyu ba.

Washegari da hantsi Inna ta shiga maƙwabta gaisuwa. Na ɗauki murfin da wata tsohuwar wuƙa na zagaya bayan gida. Na tsuguna, na kafa bakin wuƙar a gindin lakar ke nan, sai na ji murya a bayana.

"Malam, kada ka fasa."

Haka take kirana. Na waiga na ce, "Ke ma kin yarda da maganar Inna? Ke da kika fi ni sani?"

"Na san camfi ne. Zanzaro ba ya ba da ɗa, ba ya hanawa." Ta matso ta tsuguna kusa da ni, ta nuna da yatsa ba tare da ta taɓa ba. "Amma ka san abin da ke ciki? Muna yara muna fasa su a zauren Baba. Kowane ɗaki akwai ɗa a ciki, uwar ta zuba masa abinci ta rufe. Lokacin fitowarsu bai yi ba. In ka buɗe yanzu, ba za su rayu ba."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Tun da abin ya faru ba ta yi min magana mai tsawon wannan ba, kuma na gane sarai ba zancen zanzaro kaɗai take yi ba. Na ajiye wuƙar. Na ce, "To, a bar su har su fito da kansu."

Na mayar da murfin ɗakin aiki, na jingine shi a bango kusa da taga, lakar tana kallon ɗaki. Gwaggo kuwa ta zauna tsirara, hanjinta duk a waje.

Nan fa wahalata ta fara. Kwamfuta ba murfi sai ta zama zauren gayya. Ƙura ta samu ƙofa, tururuwa ta kafa layi, wata rana ina tsaka da buga aikin wani ɗalibi tsaka ta faɗo daga bango kai tsaye cikinta, ban san lokacin da na fizge waya daga soket ba. Da na ga haka sai na yi dabarar masu ilimi: na yanko kwalin taliya na rufe gefen, na bi shi da salatif ko'ina, ina ta yaba wa kaina. Kafin azahar ta ɗau zafi kamar kaskon tuya, fanka tana ihu, sai ɗif, ta kashe kanta. Shafukan da ban adana ba suka tafi, na sake su daga farko ina gumi.

Wani abokina mai haɗa tagogin alminiyam ya biyo ya tarar da ni ina yi mata fifita da murfin tukunya. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wai kai ina murfinta na gaskiya?"

Na nuna masa bango. Ya duba, ya ce, "Au, ka ba da haya ke nan? Nawa suke biya?"

Na ce masa labari ne mai tsawo. Bai matsa ba, ya san halin da muke ciki. Ya ciro tef ya gwada gefen, muka zauna muna shawarar yadda za a yi. Ni na ce a bar iska ta shiga sosai, shi ya ce a yi shi yadda za a riƙa cirewa ana wankewa. Bayan kwana biyu ya dawo da firam na alminiyam an ɗaura masa ragar sauro irin ta taga, da ramukan noti daidai inda na tsohon suke. Har da ɗan guntun da zan toshe kafar baya. Gwaggo ta koma kamar kejin kaji, duk wanda ya shigo sai ya yi magana. Amma gaskiya tun da na saye ta ba ta taɓa numfashi da daɗi kamar lokacin ba. Ƙura tana tsayawa a raga, in ta taru in cire in wanke, in shanya.

Abin da ban zata ba shi ne, ginin nan ya dawo min da matata ɗakin aiki. Kullum da safe in ta gama shara sai ta shigo ta duƙa gaban murfin ta duba, ta fita. Daga baya ta fara zama a kujerarta ta da, ba ta cewa komai, ni ma na kama bakina, don na san in na yi magana zan ɓata. Wata rana na maƙale a kan wata kalma, na juya takardar sama da ƙasa, na kai ta taga, na kasa. Sai ta miƙo hannu. Ta duba ta ce, "Wannan ai 'noman rani' ya rubuta. Allah Ya shirya, wa ya koya masa riƙe biro?" Ta ci gaba da karantawa har ƙarshen shafin. Ina bugawa idona yana cika da ƙwalla, na fake da cewa hasken allon kwamfutar ne.

Inna ta koma Miga, amma duk wayar da za mu yi sai ta tambayi lafiyar baƙinta.

An fi wata guda a haka. Wata safiya ina goge madannai na ji matata ta ce, "Malam, zo ka gani." Ɗaya daga cikin ɗakunan ya huje, ɗan rami zagayayye a bakinsa, garin laka a ƙasa. Mai ɗakin ya fita ba sallama. A cikin 'yan kwanaki sauran ma suka bi, har muka ci sa'ar ganin ɗaya yana fitowa, ya tsaya a gefen ƙarfen yana gwada fukafukansa, sannan ya bi ta taga. Ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba.

Sai dai guda ɗaya na can gefe bai buɗe ba. Muka jira, muka ƙara jira, shiru. Hankalina ya tashi, har na yi tunanin in huda shi da allura a ɓoye don ta ɗauka ya fita, amma na kasa yi mata haka. Ran nan ta zauna gabansa ta daɗe tana kallo, ni kuma ina satar kallonta.

Can ta ce, "Wannan bai samu fitowa ba."

Na ce, "Haka ne."

"Allah bai nufa ba." Ta bi sauran ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Amma ka ga 'yan'uwansa duk sun fita." Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, har ta kai ƙofa sannan ta juyo. "Likitar nan, wace rana take ganin mutane? Ka kai ni."

Ba zan ce muku daga nan komai ya zo da sauƙi ba. An yi gwaje-gwaje, an yi jira, da cikin ya samu aka yi mata ɗaurin mahaifa, ta yi watanni ba ta ɗaga ko bokiti. Ni na koma mai girki, abincin da sai mai imani ke iya ci. Amma Allah cikin ikonSa Ya sauke ta lafiya, muka samu 'ya mace. Ranar suna Inna tana bin mata ɗaya-ɗaya tana ba su labarin zanzaro, surukina kuma a waje yana cewa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ban yi musu da kowa ba.

In na tuna yanzu, abin da ke ba ni mamaki shi ne da kyakkyawar niyya na ɗauki wuƙar nan. Na ɗauka na san abin da zai cutar da ita, alhali ban tambaye ta ba. Na koyi cewa mai baƙin ciki ba kullum yake buƙatar a ba shi baki ba. Wani lokaci ɗan abu yake so a bar masa ya riƙa dubawa kowace safiya, har zuciyarsa ta yarda ta sake sa rai. Naka kawai kada ka yi masa gaggawa.

Yarinyar ta shiga firamare yanzu, bakinta kamar na uwarta. Ni kuwa sunana ya ɓace a gidan, Abban wance ake ce min. Har yau in uwarta ta kira ni da shi daga kicin, nakan yi kamar ban ji ba, don kawai ta sake faɗa.