Subiyar Mudassir

Da aka fara ba ni labarin Mudassir ban gaskata ba. Wai mai rubuta manhajar kwamfuta ne a unguwar Hindawiyya, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma an kore shi daga ɗaki saboda giya. Giya a Makka? Na ɗauka ƙarin gishirin 'yan unguwa ne, sai da na same shi a kicin ɗin yayarsa Zinariya a Rusaifa, yana yanka albasa, kwamfutarsa a kan firiji.

A Hindawiyya aka haife shi. Iyayensa sun zo Hajji daga Sakkwato ba su koma ba, suka rasu ba su bar masa takarda ko ɗaya ba. Ɗaki guda da yake haya a unguwar shi ne duk abin da ya kama a duniya, don marar takarda ba ya samun ɗaki sai inda aka san iyayensa.

A shagon gyaran waya ya koyi kwamfuta, har ya kai yana yi wa 'yan ƙasar waje aiki da sunan wani abokinsa. Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne blockchain, fasahar da kuɗin kirifto ke tafiya a kanta. Ba kuɗin ne suka dame shi ba. Yakan ce abin da aka rubuta a can, dubban kwamfutoci ke riƙe da shi lokaci guda, babu ma'aikacin da zai goge. Mutumin da sunansa ba ya ko'ina, dole wannan ya burge shi.

Ban da Larabci da Turanci, ya tsinci Urdu da yaren Indonesiya a gidajen abinci, inda yake zuwa satar sirrin girki. Kuma yana haɗa subiya, abin shan nan na sha'ir da busasshen burodi da kirfa, wanda ake bari ya ɗan yi tsami. In ta wuce lokacinta ko ta sha zafi, sai ta juya ta zama abin da ba a faɗa. Don haka ya saka wa jarkokinsa ma'aunin zafi mai aiko masa saƙo a waya.

Bara wani mai kai wa alhazai abinci ya ɗauke shi tafinta a Muzdalifa. Marar takarda sai ya shige tun kafin a rufe hanyoyi, ba ya fita sai alhazai sun watse. Ya haɗa subiyar Sallah, ya ɗaure bakin jarkokin tamau saboda kyankyasai, ya bar mukayyif a kunne don ɗakin ya yi sanyi, ya tafi.

Ranar Arfa da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Mukayyif ya mutu. Yana tsaye cikin kwalayen ruwa yana kallon zafin yana hawa. Tsakaninsa da ɗakinsa shingayen 'yan sanda ne, kowanne yana iya ƙarewa da tarhil, wato jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Ya kira Zinariya.

"Yaya, je ki kwance mini murafen."

"Da wane mabuɗi, sarkin dabara? Ba yana aljihunka ba?"

Mai gida kuwa, Hatim, jikan Kanawa amma ɗan ƙasa, tuni ya hana shi jiƙe-jiƙe a ɗaki. Mudassir bai iya kiransa ba.

Washegarin Sallah jarkokin suka fashe. Ruwan ya bi ƙarƙashin ƙofa ya gangaro matakala, warinsa ya riga shi isa titi. Da Mudassir ya dawo, kayansa suna waje.

"Ammu Hatim, wallahi subiya ce."

"Subiyar gidanku! Haram alaik, a garin Ka'aba? Gode wa Allah, in na kira hukuma ni ma za su tambaye ni wa na ba haya. Kwashe, kalas."

Hatim bai kira hukuma ba. Amma daga ranar babu wanda ya sake ba shi ɗaki a Hindawiyya. Abokin da ya ara masa suna ya janye sunansa. Tsofaffin da suka yi wa mahaifinsa jana'iza suna amsa masa sallama a ciki-ciki.

Na tambaye shi ko har yanzu yana son rubutun da ba ya goguwa. Ya ture albasar cikin tukunya kafin ya amsa.

"Ai na samu. Kowane gida a Hindawiyya yana riƙe da nasa kwafin labarina, kuma babu mai gyara shi."