Akwatin Mahamadou da ke Amurka

Da yatsun ƙafa Mahamadou ya ɗauki hotonsa da ya faɗi ƙasa, ya miƙa wa hannunsa ba tare da ya sunkuya ba. Mu biyar ne a shagon, ni kaɗai na gani. A nan na gane bayansa ya gaji.

Shekara goma sha shida ke nan yana dakon tumatir a kasuwar Mile 12, tun zuwansa daga Tawa. Ni kuma a shekarar 2002 ina buga wa mutane takardu a wani shagon intanet a Agege. Ya ce wata masana'antar roba a Isolo tana neman mai gadin rana, aikin zama a kan benci. In bai samu ba gida zai koma, don mai ɗori ya ce bayan nan ba zai kai damina ba.

Suna son hoto da takardar bayani da adireshin imel. Hoton ya riga ya ɗauka wurin Ya'u mai hoto, cikin kwat ɗin da duk mai neman aiki a layinmu yake sawa. Ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Takardar ce ta ci mana awa biyu, domin bai yarda a rubuta ɗan dako ba. Muka tsaya a kan jami'in sauke kaya. Ya ce a ƙara cewa bai taɓa kayar da kwando ba, ya ɗan yi tunani, ya ce a sa sau ɗaya.

Na buɗe masa imel, na ce kamar akwatin gidan waya ne. Ya tambayi inda akwatin yake, na ce Amurka. Ya jinjina kai ya ce to wasiƙa za ta jima a hanya.

"Malama, kada a buɗe sai ina nan. Wasiƙar mutum kamar aljihunsa ce."

A garinsu motar kasuwa ce ke kawo wasiƙu sau ɗaya a mako, a karanta bayan sallar Juma'a. Haka ya yi da mu. Duk Juma'a in an sakko zai zo, ya cire hula, ya zauna a buɗe. Na san mako guda ya yi yawa. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa, sai in tuna sa'an mahaifina ne, in fasa.

Juma'a ta uku muka tarar da amsa. Tun Litinin ta iso, suna nemansa ranar Laraba da ƙarfe goma. Na karanta masa sau biyu. Ya tambaye ni yau wace rana, ko da yake daga masallaci yake.

"Ashe Amurka ba ta da nisa," in ji shi.

Ranar Litinin ya aro kwat ɗin, ya hau motar haya ta danfo zuwa Isolo. Ya tarar da wani mutumin Dosso a kan bencin. Suka gaisa sosai, mutumin har ruwa ya ba shi. Kafin La'asar ya mayar wa Ya'u kwat, saboda wani yana jira.

Ya biyo ta shago ya ce in riƙa duba akwatin safe da yamma ko ba ya nan, ya yafe. Kafin wani aikin ya samu, zai roƙi sarkin 'yan dako ya mai da shi ɓangaren busasshen barkono, buhunsa ba nauyi. Sannan ya sayi gasasshiyar masara a bakin titi, ya jingina da bango ya ci a tsaye.